Katin Gayyata a Hannun Ɗalibi: Lacca ga Malaman Firamare



An nemi in yi magana a kan koyar da rubutu da zane a ƙananan azuzuwa. Fagen yana da faɗi, don haka na tsaya a kan abu guda wanda bai fi tafin hannu ba, wato katin gayyata da yaro zai yi da hannunsa a aji, ya kai gida, wani ya karanta ya taso ya zo.

Mu fara da tambayar kanmu irin rubutun da yaranmu suke yi daga Litinin zuwa Juma'a. Malam ya rubuta a allo, yaro ya kwafa, malam ya sa maki da jan biro, a rufe littafi. In an yi nisa a ce ya rubuta insha'i a kan "Makarantarmu", ya bayyana wa malamin da ya shekara goma a makarantar cewa tana da azuzuwa shida da bishiyar darbejiya. Yaro ba wawa ba ne. Ya san babu mai jiran wannan rubutu, ya san ko ya rubuta daidai ko ya rubuta shirme babu abin da zai canja a duniya ban da lambar da ke gefen takarda. Gwajin karatu da aka yi wa 'yan aji uku a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 ya nuna yawancinsu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa, kuma irin wannan sakamako ne ya jawo shirye-shirye kamar Mu Karanta! a waɗannan jihohi. An sa ƙarfi sosai wajen karatu, haka kuma ya dace. Amma rubutu, wato yaro ya ɗauki abin da ke bakinsa ya sa a takarda don wani ya gane, har yau yana baya.

Wani malamin ƙauye a kudancin Faransa, Célestin Freinet, ya ci karo da wannan matsala shekara ɗari da suka wuce. An ji masa rauni a huhu a Yaƙin Duniya na Farko, saboda haka da ya kama koyarwa a ƙauyen Bar-sur-Loup a 1920 ba shi da numfashin da zai yi ta ɗaga murya a gaban aji. Dole ta sa ya nemi hanyar da yara za su yi aikin da kansu. A 1924 ya shigo da ƙaramin injin ɗab'i cikin aji, yara suna rubuta labarin abin da suka gani, suna jera haruffa, suna bugawa. Daga baya suka shiga musayar takardu da wani aji a Trégunc, can yankin Brittany a bakin teku, har da aika wa juna ƙunshin kayan garinsu. Abin da ya lura da shi shi ne yaron da ya san akwai wani yaro a nesa da zai karanta takardarsa, da kansa yake tambayar yadda ake rubuta kalma. Mu ba mu da injin ɗab'i a aji, ba ma kuma bukatarsa. Mai karatun da Freinet ya nemo wa yaransa daga nesa, mu namu yana zaune a tsakar gida.

Kuma gayyata ba baƙuwar yaron Bahaushe ba ce. Tun kafin kati akwai goro, shi ya sa har gobe muke cewa wane ya amsa goron gayyata ko da ta waya aka kira shi. Wa ake aike da goron da alewar? Sau da yawa yara ne. Yarinya 'yar shekara bakwai za ta yi sallama a gidan maƙwabta, ta durƙusa, ta ce, "Wai in ji Inna, Allah ya sauki Yaya lafiya, an samu mace, suna ranar Talata." Ku saurari wannan jimla da kunnen malamin harshe. Akwai mai aike, akwai dalili, akwai rana, akwai ladabi, babu kalma ɗaya da ta yi yawa. Yarinyar da muke cewa ba ta iya insha'i ba, ga shi ta gama insha'in da baki. Abin da ya rage mata shi ne ta sauke shi a takarda.

Saboda haka darasin farko babu fensir a cikinsa. Ka fito da yara biyu gaban aji, ɗaya ɗan aike, ɗaya mai gida. Ɗan aike ya isar da saƙo, sauran aji su kama abin da ya manta. Za ka ji suna ihu, "Malam, bai faɗi wuri ba!" "Malama, ba ta ce ƙarfe nawa ba!" Da bakinsu za su fito maka da abin da kati yake bukata: wa ke gayya, wa ake gayyata, me za a yi, yaushe, a ina. Kada ka riga su ka rubuta a allo. In su suka tono, ba sa mantawa.

A cikin waɗannan, "yaushe" ce ta fi daɗin koyarwa, don a nan ne yaro zai gane cewa baki yana da gata wanda takarda ba ta da shi. In ka ce wa mutum "gobe", ya gane. In ka rubuta "gobe" a kati, katin ya kwana biyu a cikin jaka, goben wa ke nan? In yaro ya rubuta "daren Juma'a", kakarsa za ta shirya ranar Alhamis da dare, domin a lissafinmu dare ne ke gaba da yini, shi kuwa yayansa da ke sakandare mai yiwuwa ya ɗauka Juma'a ce bayan Magariba. "Bayan La'asar" ya ishi mutanen unguwa ɗaya masu salla a masallaci ɗaya, amma wanda zai taso daga wani gari yana son ya ga ƙarfe 4:30. Sai kuma kwanan wata. Katunan aure da yawa a ƙasar nan suna ɗauke da wata biyu, na Hijira da na Miladiyya, kuma wannan ƙofa ce ta nuna wa 'yan aji biyar da shida dalilin da ya sa azumi yake zagayawa daga zafi zuwa sanyi: shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11. Ka rataya kalanda mai wata biyu a bango, yaro ya tashi ya nemo ranar da yatsansa. Na fi son wannan a kan haddar sunayen watanni da waƙa, ko da yake ban hana waƙar ba.

"A ina" ma tana da nata. Garuruwanmu da yawa ba a neman gida da lamba, da kwatance ake nema: bayan masallacin Juma'a, ka wuce injin niƙa, ƙofa ta biyu a hannun dama. Yaron da ya iya rubuta kwatancen da baƙo zai bi bai ɓata ba, ya iya jeranta tunani, kuma wannan ita ce gwanintar da zai bukata ranar da za a ce ya bayyana yadda aka yi gwajin kimiyya. Wanda rubutun ya yi masa nauyi, ya zana 'yar taswira a bayan katin.

Ga hanyar gwaji mai sauƙi. Kowa ya rubuta daftarinsa a littafin aiki, su yi musaya da na kusa. Mai karɓa ya ɗauki kansa baƙo ne da bai san komai ba, an kuma hana mai rubutun buɗe baki. In baƙon ya iya faɗin rana da lokaci da wuri daga takardar kaɗai, ta wuce. In ya tsaya yana susar kai, ta koma. Za ka ga mai rubutun yana mutsu-mutsu, bakinsa na ƙaiƙayi yana son ya yi bayani. Wannan ƙaiƙayin shi ne darasin, domin a lokacin ne yake gane cewa takarda za ta je inda shi ba ya nan.

Sai maganar ladabi, wadda nake ganin mun fi kowa abin koyarwa a cikinta. Taro ɗaya ne, amma katin da za a kai wa mai unguwa dabam yake da wanda za a kai wa kaka. Na mai unguwa zai buɗe da "Ranka ya daɗe", na liman da "Allah gafarta Malam", kuma a ce "muna roƙon ku halarta", ba "ka zo" ba. Na kaka kuwa, jika yana da izinin tsokana. Yana iya rubuta mata, "Kaka, ki zo da wuri, kada ki tsaya neman sandarki." Na aboki ya fi kowanne gajarta. Ka raba aji uku, kowane rukuni ya rubuta wa mutum dabam, a karanta a fili, yara su faɗi abin da ya canja da abin da bai canja ba. Rana da wuri suna nan yadda suke, harshe ne ya sauya riga.

Ƙa'idojin rubutu kuma a nan suke samun ma'ana. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da ake aikin littattafan Hausa a Zariya, inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Amma ku duba katunan da ake bugowa a kasuwa, da saƙonnin da muke tura wa juna ta waya, da yawansu babu lanƙwasa, ko don injin ba shi da harafin ko don mai bugawa bai damu ba. Hannu ba shi da wannan uzuri. Yaron da ya rubuta "manyan baki" a inda yake nufin manyan baƙi, aji ya yi dariya sau ɗaya, ya gama koyon ƙ har abada. Haka raba kalmomi da haɗa su: "za a yi", ba "za'ayi" ba, "makarantarmu" a haɗe, "muna" kalma ɗaya ce, sunan rana da na wata da babban baƙi. Kati jimla huɗu ne ko biyar, don haka kana iya tsayawa a kan kowace kalma ba tare da ka gajiyar da yaro ba.

Yanzu mu koma wajen ado, kuma a nan ina da ƙorafi a kanmu malamai. Da an ce zane, sai malam ya zana fure a allo, yara tamanin su kwafi fure ɗaya, furen da babu wanda ya taɓa ganin irinsa a garin. Alhali yaron nan da ado ya tashi. Hular da ke kan mahaifinsa zane ce. Wuyan babbar riga, aska biyu ko aska takwas, zane ne. Faifan da ake rufe ƙwarya, ƙwaryar kanta da aka ƙona mata ado da wuƙa mai zafi, tabarma, lallen da ke hannun yayarsa, dagin da ke goshin tsofaffin gidajen Kano da Zariya, duk littafin zane ne a buɗe. Uwa-uba allon zayyana. Duk wanda ya halarci walimar sauka ya ga yadda mai zayyana yake kewaye rubutu da gidaje-gidaje na ja da rawaya da kore, rubutun yana tsakiya a sarari, adon yana gadinsa bai hau kansa ba. Tsarin katin gayyata ke nan, kakanninmu sun riga sun gama mana shi. Ka ba yara aikin gida su zo da zane ɗaya da suka kwafo daga wani abu a gidansu, su faɗi inda suka samo shi. Wannan yana kuma raba ka da rigimar iyayen da ba sa son a zana mai rai, domin adon namu yawancinsa layi ne da kusurwa da ƙulli.

Doka ɗaya nake sawa ba sassauci: rubutu kafin ado. In ka bar yaro ya fara da launi, zai cinye takardar, ya dawo yana cusa kalmomi a lungu. Ya fara ja layin gefe da rula, faɗin yatsa biyu, ya ja layukan rubutu da fensir a hankali, ya kwafi daftarin da aka riga aka gyara, sannan a sake shi a kan gefen ya yi yadda ya ga dama.

Na san abin da ke zuciyar wasunku: ina kayan aiki? Mu yi lissafi. Takardar A4 in ka raba ta biyu, kowane rabi ka ninke shi, ka samu kati mai buɗewa. Aji mai yara tamanin takarda arba'in yake ci. Rim ɗaya mai takarda 500 zai ba ka kati 1000. In wannan ma ya gagara, akwai kwalin sabulu da na shayi da bayan tsohuwar kalanda. Ba a bukatar reza, kuma ina roƙonku kada reza ta shiga ajin ƙanana: a ninke takarda, a murje ninkin da farce, a ɗora rula a yage. Gam kuwa, ƙaro ne da ake samu a jikin dakwara, wanda Yobe da Borno da Jigawa suke fitarwa har ƙasashen waje, a jiƙa shi ya kwana. Ko a dama ɗan sitacin rogo. Tela yana zubar da ƙyallayen atamfa kullum, ka aika a roƙo. Tawadar allo, wadda ake yi da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, kowane almajiri ya san haɗinta, kuma alƙalamin kara yana fitar da layi mai kauri da siriri wanda biro ba ya iyawa.

Launi ma yana cikin madafa. Kurkum yana ba da rawaya, bular wanki tana ba da shuɗi. Zoɓo kuwa ku gwada shi a gaban yara ku ga abin mamaki. Ka jiƙa shi da kauri, yaro ya shafa a farar takarda yana ja wur, kafin ya bushe sai ka ga yana juyawa zuwa shuɗi-shuɗi mai duhu. Ka ɗiga lemon tsami a wani kofin, jan ya tsaya. Ka jefa ɗan gutsuren kanwa a na uku, ya rikiɗe ya koma wajen kore. Kofi uku, launi uku, daga zoɓo ɗaya, kuma ka shuka tambayar da malamin kimiyya zai amsa musu a sakandare. Don hatimi, ka yanka ɗanyar kuɓewa a gicciye, a tsoma a launi a danna: fure ne mai gida-gida, a jera shi ya zagaye kati. Manyan yara suna iya sassaƙa harafin farko na sunansu a jikin dankali. Karon farko zai fito a juye, kuma kada ka gargaɗe su tukuna; bari su gani, su yi gardama, su gano da kansu cewa sai an sassaƙa shi a birkice.

Akwai wuraren da sai an taka a hankali. Na farko, taron ya zama na gaske. In ka ce su rubuta gayyatar bikin da babu shi, ka koma gidan jiya, wato rubutun da ba mai jira. Makaranta ba ta rasa taro: ranar ba da kyaututtuka, taron iyaye da malamai, wasannin motsa jiki, walimar sauka a Islamiyya, bikin Kirsimeti a makarantun da ake yi. In babu ko ɗaya, aji ya ƙirƙiri nasa, ya gayyaci iyaye su zo su ji 'ya'yansu suna karatu na rabin sa'a. Littattafan da aka kwaikwayo daga waje sun fi kawo misalin bikin zagayowar ranar haihuwa. A wasu gidajen birni ana yi, a gidaje da yawa ba a yi, wasu iyayen ma suna ƙyamarsa, kuma yana raba aji gida biyu, masu kek da marasa shi. Ban ga dalilin jawo wa kai wannan ba alhali ga taron da ya haɗa kowa.

Na biyu, kada ka rubuta "Zuwa ga Babana" a allo ka ce kowa ya kwafa. A kowane aji akwai maraya, akwai wanda ke hannun gwaggo ko kawu, akwai wanda iyayensa suka rabu. Ka bar gurbin a buɗe, yaro ya zaɓi wanda zai kai wa. Sunan da zai sa a gurbin nan zai gaya maka abin da rajista ba ta gaya maka ba. Haka nan in katin na tsakanin yara ne, a jefa sunaye a hula kowa ya zaro ɗaya, don kada a tashi wani yana da kati goma wani hannu wayam.

Na uku, yara za su so su buɗe da Bisimilla ko su sa aya, don haka suka gani a katunan manya. Ka tuna musu cewa kati yakan ƙare a ƙasa ko a hannun mai ƙosai. Sallama da fatan alheri sun wadatar.

Wani zai ce, iyayen da ba su yi boko ba fa? Ai su ne suka fi cin ribar abin. Uwa ta karɓi kati ta juya shi, ta ce, "To karanta mini." Yaro ya tsaya a gabanta ya karanta abin da shi ya rubuta, ƙannensa suna kallo. Wataƙila ranar ce ta farko da ta ga amfanin bokon nan a cikin ɗakinta. In kuma gidan masu ajami ne, yaron da ke zuwa makarantar allo ya rubuta saƙon da ajami a ɗaya fuskar. Mun daɗe muna yi kamar ilimin da yaro ya samo da asuba a tsangaya ba shi da alaƙa da wanda muke ba shi da hantsi, alhali kai ɗaya ne yake ɗauke da su.

Wani kuma zai ce zamani ya wuce nan, yanzu gayyata ta WhatsApp ake turawa. Gaskiya ne, ni ma ta nan nake samun yawancin nawa. Amma wanda ke tsara ta a waya, in bai san abin da gayyata take bukata ba, sai ka ga hoto mai ƙyalli an manta wurin ɗaurin aure, ana ta bin sa da tambaya a ƙasa. Abin da muke koyarwa yana bin yaro ko a takarda ko a waya.

Game da lokaci, ba sai ka saci darasin kowa ba. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara tana da darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, darasin Hausa kuma yana da rubutun wasiƙa. Malaman biyu su haɗa kai: zama ɗaya na baki, ɗaya na daftari da gyara, ɗaya ko biyu na kwafi da ado. 'Yan aji ɗaya da biyu a ba su jimlar da gurabe, su cike suna da rana. 'Yan aji shida su yi na Hausa a dama, na Turanci a hagu.

Wajen ba da maki, jan bironka ya tsaya a kan daftari. Katin da aka gama ba naka ba ne, na wanda aka rubuta wa ne, kada ka ɓata shi da "7/10". In kana son shaida ta shiga rajista, ka sa a ƙasan katin a bar 'yar tsaga da za a yage a dawo da ita, mai cewa "Zan zo" ko "Ba zan samu zuwa ba", wanda aka gayyata ya sa hannu ko ya dangwala. Yara su tattara tsagogin, su ƙirga, su gaya wa hedimasta benci nawa za a fitar. Bayan taro kuma, mako mai zuwa, su rubuta takardar godiya ga waɗanda suka zo; ita ta fi kati tsawo, kuma a cikinta ne za su fara ba da labarin abin da ya riga ya wuce.

A teburin baya an ajiye takardu da zoɓo da kuɓewa. Bayan an sha ruwa za mu rabu rukuni-rukuni, kowane malami ya yi kati ɗaya da hannunsa, na kusa da shi ya zama baƙo, shi kuma a hana shi magana. Shugaba, ranka ya daɗe, masu tambaya suna iya farawa.